Shekarar da Shamuwa Ta Yi Ɓatan Kai

Ku matso, jikoki. Ga ta nan, ga ta nan gare ku.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Ranar Talata ce, sha bakwai ga Afrilu, ƙarfe huɗu da kwata na yamma, rimin Kwarin Dogara ya faɗi. Ba iska ce ta kayar da shi ba. Mai gari ne ya sa aka sare shi, don ya yi sabon rufin kwano, ba ya son kashin shamuwa ya ɓata masa.

To, kun san a ƙasarmu ba a shuka sai shamuwa ta zo. Tana gaba, hadari na bayanta. A kan rimin nan take sauka tun kaka da kakanni.

Aka jira mako, ba shamuwa. Aka jira wata, ba shamuwa. Rumbuna suka koma fayau.

A garin akwai wata yarinya, Tasalla, da ubanta Nomau, da kakarta Iya Kande. Iya Kande ke riƙe da irin geron gidan, cikin tulu, an liƙe bakinsa da laka. Ba abin da ya rage mata sai tulun nan da ɗan barkononta, wanda take shanyawa kullum a kan falalen dutse, ta kwashe da la'asar.

Nomau ya ce, "Iya, yara sun kwana biyu ba tuwo. Idan la'asar ɗin Juma'a ta yi ba ruwa, zan fasa tulun nan mu daka."

Ta ce, "Ka daka iri, me za ka shuka?"

Ya ce, "In sun mutu, wa zai ci abin da na shuka?"

Tasalla ta ji. Ta fita bayan gida tana hawaye, sai ga hankaka a kan danga.

Ya ce, "'Yar Nomau, kuka kike wa shamuwa? Ai suna can fadama, tafiyar kwana biyu. Sau uku suna zagaya garinku, ba su gane shi ba."

Tasalla ta ɗauki tsohon zanen kakarta. Ta yi tafiya, ta yi tafiya, ta yi tafiya. Ranar Juma'a da hantsi ta iske su tsaye a fadama, hadari ya yi baƙi ƙirin a kansu yana jira.

Ta durƙusa gaban babbarsu, ta ce, "Inna, Kwarin Dogara na jiranku."

Shamuwa ta ce, "'Yata, mu ba mu san sunan gari ba. Itace muka sani. Ina riminmu?"

"An sare shi, Inna. Amma ni na san hanya."

"Hanyar ƙasa kika sani. Ta sama daban ce."

"Ku ɗauke ni in gwada."

Ta shimfiɗa zane, ta zauna a tsakiya. Shamuwa huɗu suka kama kusurwa huɗu. Babbar ta ce, "Ki ja dama, mu yi dama. Ki ja hagu, mu yi hagu. Amma yunwa ta ci mu. Juyi uku kawai ya rage mana, inda muka sauka kuwa nan ruwa zai sauka."

Suka tashi. Tasalla ta riƙe zane gam. Ta runtse ido, ta buɗe. Shanu sun koma tururuwa, gonaki sun koma facin riga.

Ta hango gari, ta ja dama. Suka matsa, ashe ba shi ba ne. Juyi ɗaya.

Ta hango rufin kwano yana ƙyalli, ta ja hagu. Ashe kasuwar wasu mutane ce. Juyi biyu.

Rana ta karkata. Tsohon zane ya fara tsagewa a gefe, kiii, kiii. Babbar shamuwa ta ce ta gefen baki, "Saura ɗaya, 'yata."

Tasalla ta ga daga sama duk garuruwa kamarsu ɗaya. Ta daina neman gida, ta daina neman rufi. Ta tambayi kanta, me ke garinmu da babu a wani gari? Ta duba, ta duba. Can nesa, a kan farin dutse, ga wani ɗigon ja kamar kan allura. Kuma yana raguwa, don Iya Kande ta fara kwashewa.

Ta ja dama da duk ƙarfinta.

A tsakar gida Nomau ya riga ya ɗaga taɓarya a kan tulu. Inuwa ta rufe shi. Shamuwa suka sauka a kan wata tsamiya da ke gidan Iya Kande, ɗigon ruwa na farko ya faɗo wa Nomau a hannu. Ya ajiye taɓarya a hankali. Washegari aka shuka gero.

Aka ce wa Tasalla, "Ba ki ji tsoro ba?"

Ta ce, "Na ji. Yaushe za su sake tashi?"

Tun daga ranar ƙasa ba ta ƙara isarta ba. Ta girma, ta yi karatu, ta zama matuƙiyar jirgin sama, ta tuƙa har kanta ya yi fari. An ce duk sa'ar da za ta sauka, sai ta leƙa ƙasa tana neman ɗigon ja.

Iya Kande ta rasu, Nomau ya bi ta. Kwanon mai gari ya yi tsatsa ya zube. Waɗanda suka rage su ne tsamiya, da falalen dutse ba barkono, da jikokin shamuwa, da Tasalla a can sama, da ni da ke ba ku labari.

Kada ku sare itacen da baƙo ke gane gidanku da shi.

Ƙurunƙus. Nan ta tsaya, kan kusu, ba kaina ba.