Suna Ɗaya a Bakin Rijiyar Baba Jatau

Ku matso kusa, yau na zo muku da maganar da za ta sa tuwonku ya huce.

A ƙauyen Gidan Kwargo akwai wani tsoho, Baba Jatau, wanda ya haƙa rijiyar garin tun yana saurayi. Da masu niƙa dutsen zinariya suka yi yawa, gubar dalma ta shiga ruwan, yara suka fara ciwo. Hukuma ta ce a rufe rijiya, gari ya tashi. Tsoho ya kasa ci ya kasa sha, don kaburburan iyayensa suna nan. Sai ya tara 'ya'yansa uku.

Autarsa Barira, wadda ta karanci sinadarai a birni, ta ce, "Baba, da roba za mu tace ruwan. Ita roba santsi gare ta, ba ta riƙe komai. Amma akwai wani sinadari, akirilik, in aka dasa shi a jikin ƙwayoyin roba, yadda kake yi wa mangwaro aure, sai su fitar da 'yan gashi masu cafke dalma." Ta auna, ta haɗa, ta jiƙa niƙaƙƙiyar robar tsofaffin bokitai. Ana wankewa, sinadarin ya bi ruwa. Ta ce sai an sami wani irin haske da zai tada jikin robar, ita kuwa ba ta da shi.

Wanta Sahabi mai gyaran lantarki ne, ga taurin kai. Ya nemo fitilar da ake kashe ƙwayoyin cuta da ita, ya kafa ta cikin tsohon duro, ya sa masa mariƙi, ya zuba jiƙaƙƙiyar robar a ciki, ya dinga juyawa kamar mai suyar gyaɗa har haske ya taɓa kowace ƙwaya. Dashe ya kama ƙam! Aka tace ruwa, aka kai birni gwaji, aka ce babu guba.

Kuna zaton an gama ko? Mutanen gari suka ce su ba sa shan ruwan tsohon bokiti. Sai babbar yayarsu Marka mai koko, wadda duk garin ke sha a hannunta, ta shimfiɗa ƙwayoyin tsakanin yashi da gawayi a randa, ta ajiye a bakin kasuwa. Ta ɗebo ta sha, ta ba 'yarta, ta dama koko da sauran. Kafin kasuwa ta zagayo, kowane gida da irin randar. Hukuma ta janye maganar tashi.

Baba Jatau ya yi kukan murna, ya taka rawa da sandarsa. Ranar da aka sake wa bakin rijiya siminti, magini ya miƙo masa tsinke, ya ce, "Baba, wurin suna ɗaya ne, rubuta kafin ya bushe." Tsoho ya dubi 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya.

To, siminti na bushewa. Sunan wa zai rubuta?