Sawun Zabo da Kazar da Aka Sake Saye

An ce a wani gari an yi wani Sarkin Kasuwa, Malam Barau, wanda matan kasuwa suka damƙa wa tarin kuɗinsu na zuwa Makka. Ran nan dillalai biyu suka zo masa da tallar hannun jarin wani kamfanin wayoyi. Na farko ya nuna masa zanen farashi mai hawa da sauka, ya ce layin ya durƙusa sau biyu, yanzu miƙewa zai yi. Na biyu ya ce kamfanin da kansa ke sake sayen hannun jarinsa, ai mai kaya ba ya sayen ruɓaɓɓe. Barau ya ji maganar ta shige shi, ya ƙudurta zuba kuɗin duka. Sai dai ya fara biyawa gidan gwaggonsa Tasalla, don kujerarta na ciki.

Ta saurare shi tana jan carbi, ta ce, “Zauna, Sarki. Ni na yi maka wankan jarirai, ba ka fi ƙarfin labari ba. Ka ji abin da ya sami Jatau maharbi.

“Jatau gwanin sawu ne, da ya dubi ƙasa sai ya ce zabo hagu ya yi. Ya bi wani sawu kwana uku har guzurinsa ya ƙare, bai ga ko gashi ba. Ya tarar da wata tsohuwa a gindin tsamiya, ta ce, ‘Ɗana, sawu labarin jiya yake bayarwa. Ka nemi inda zabo ke shan ruwa.’ Ya ce, ‘Iya, ai abin da ido ya gani ba ya ƙarya.’ Ta yi dariya ta ce, ‘To bari ka ji na masu kaji.

“‘Lami ta sayar da kazarta saboda lalura. Da hali ya samu ta koma ta sayo abarta, don ta san kullum sai ta yi ƙwai. Asabe kuwa tata ta daina ƙwai, sai ta sayar da buhun dusar kajinta, ta miƙa wa dillali kazar, ta shiga kasuwa da kuɗin dusar tana taya kazar kanta da tsada. Mutane suka ce mai abu ta san abinta, aka yi rububi. Wanda ya yi nasara ya kai gida, ya yi ta ciyarwa har yau. Duk biyun tasu suka taya, idonka kuma bai yi ƙarya ba. Ƙwan ne ba ka tambaya ba.’

“Jatau ya rataya bakansa ya nufi rafi. Kai fa, Sarki, ina ka nufa?”

Barau ya dubi wayar da ya ciro don tura kuɗin. Can ya ce, “Wato in fasa ke nan, Gwaggo?”

“Ban ce ba, arziki na Allah ne. Amma mai zane sawu ya nuna maka, ɗayan kuma tayi. Koma ka tambaye su, kazar tana ƙwai? Da kuɗin ƙwai ake sake sayenta, ko dusa aka sayar? In sun soma sosa ƙeya, ka san amsar.”

Barau ya tuna shekarun da Gwaggo ta yi tana tuyar ƙosai don wannan kujera. Ya mayar da wayar aljihu, ya ce, “Na ji, na karɓa. Ba kwabon da zai fita sai na ga ƙwai da idona.”

Ta ce, “Allah ya yi maka albarka. In ka gani, kawo min ɗaya in fasa.”