Saniyar da Aka Sayar a Gwanjon Waya

Ku matso kusa, yara. Iyayen da ke zaune a bencin baya kuma, kada ku ce wannan darasin na yara ne, don yau da ku nake.

Akwai wani mutum manomi, yana da 'yan shanu a bayan gidansa. Mutanen ƙauyen suna kiransa Baban Yunana. Dattijo ne a ikilisiya, mutumin kirki ne, ba ya cin na kowa. Abu ɗaya ne da shi: yana son a ce masa mai gaskiya fiye da yadda yake son tuwo. Idan ka taɓa masa suna, ka taɓa masa ido.

Wata shekara rufin gidansa ya fara yoyo, har matarsa tana jera kwanoni a tsakar ɗaki duk lokacin da hadari ya haɗu. Sai ya yi shawara ya sayar da saniya guda ya sayi kwanon rufi. Bai kai ta kasuwa ba. Akwai wani zaure a WhatsApp inda ake gwanjon dabbobi. Mai dabba ya sa bidiyonta, mutane su yi ta tayi har lokacin da aka yanka ya cika, wanda ya fi kowa tayi shi ne mai ita. Dokar zauren kuwa a fili take: in an rufe gwanjo an biya, ba a dawo da dabba.

Saniyar nan mai nono ce sosai, kuma tana da maraƙa da ta kusa yaye. Baban Yunana bai so rabuwa da maraƙar ba. Ita yake gani a matsayin uwar garkensa na gobe, har da hannunsa yake ba ta dusa. Da safe ya miƙa wa matarsa waya, ya ce ta ɗauke shi yana tatsa. Ya saki maraƙar ta ɗan tsotsa kamar yadda ake yi kullum, sa'an nan ya janye ta ya ɗaure a turke. Ya ce wa matarsa, "Maman Yunana, yanzu ki fara ɗauka, ki ɗan matsa ta can, kada maraƙar ta fito a hoton. Ba ita nake sayarwa ba." Ta matsa. Madara ta yi ta zuba har ƙwarya ta cika da kumfa. Ya sa bidiyon a zaure, ya rubuta a ƙasa: saniya mai nono, lafiyayya.

Tayi ya yi zafi ranar. Wadda ta cinye gwanjon wata mata ce daga cikin gari, ana ce mata Mama Keziya, mai sayar da abinci a bakin tasha. Ta biya, ta turo mota aka ɗauki saniya. Baban Yunana ya sayi kwanonsa, ya yi godiya ga Allah, ya ce magana ta ƙare.

Ashe ba ta ƙare ba. Bayan 'yan kwanaki wayarsa ta fara kuka ba tsayawa. Mama Keziya ce ta sa saƙon murya a zaure, a gaban kowa. Ta ce saniyar da aka sayar mata ba ta ba da ko cokali ɗaya na madara ba. Ta ce ta tatsa har hannunta ya kumbura, saniyar sai harbi. Ta ce, "Ku yi hankali da mutumin nan. Wai dattijon ikilisiya ne. Macuci ne kawai."

Kun san yadda zaure yake. Wanda bai taɓa riƙe igiyar akuya ba ma sai da ya tofa albarkacin bakinsa. Wasu suka ce a kore shi, wasu suka ce doka ai doka ce, mata ta sayi abinta. Shugaban zauren ya kira shi ya ce, "Baba, kada ka damu, doka tana bayanka. Ka ba ta amsa kawai."

Ran Baban Yunana ya ɓaci ƙwarai. Ya zauna a kan turmi, ya danna waya, ya fara zuba amsa. Ya faɗi shekarunsa a ikilisiya, ya faɗi cewa bai taɓa yin ƙarya a ciniki ba, ya ce wanda bai iya tatsa ba ya je ya sayi madarar gwangwani. Matarsa tana tankaɗe a gefe, tana jinsa. Kafin ya aika, ta ce, "Baban Yunana, tsaya tukuna. Bidiyon nan wa ya ɗauka?"

Ya ce, "Ke mana."

Ta ce, "To, na tuna ka ce in matsa."

Ya ce, "Sai me? Na rubuta saniya, saniya na bayar. Ban ce da 'ya ba. Nuna mini ƙarya ɗaya a ciki."

Ta ce, "Babu ƙarya, maigida. Amma ni da kai mun san saniyar nan ba ta sakin nono sai 'yarta ta tsotsa. Ita matar ta sani?"

Ya ce ai kowa ya san wannan. Ta ce kowa a ƙauyen nan, i. Ta ci gaba da tankaɗenta.

Nan ne fa abin ya tsaya masa a wuya. Shanunmu haka suke, yara: uwa tana riƙe nononta sai ta ji bakin ɗanta, sa'an nan ta saki. Baban Yunana ya san haka tun yana yaro. Bai zauna ya shirya cuta ba. Ya dai so tayi ya hau, kuma ya so maraƙarsa ta zauna a gida, sai ya bar tambayar a bayan zuciyarsa bai taɓa ta ba. Yanzu ga ta a gabansa. In ya aika saƙon nan, doka za ta wanke shi, maraƙa kuma tasa ce. In ya yi abin da zuciyarsa take nuna masa, maraƙar ce za ta tafi. Ya dubi turke. Maraƙar ta rame, tun da uwarta ta tafi take kuka, muryarta har ta dishe.

Ya goge saƙon. Kashegari ya nemi direban da ya ɗauki saniyar, ya ce ya kai shi gidan da ya kai ta. Suka sa maraƙa a bayan mota, ya zauna kusa da ita yana riƙe da igiya. A hanya yana ta lallashin kansa, yana cewa aro kawai zai ba ta, in saniya ta ƙafe ya zo ya ɗauki abarsa.

Mama Keziya ta fito da zani ɗaure a ƙugu, a shirye take da faɗa. Ko gaisuwa ba ta amsa da kyau ba. Ta ce, "Kai ne? Ka zo ka ga wadda ka cuta?"

Ya ce, "Mama, na zo ne. Ki bar ni in ga saniyar."

Bai ma rufe baki ba, saniyar ta jiyo ƙanshin 'yarta daga bayan gida, ta saki kuka. Maraƙar ta fizge igiya daga hannunsa ta ruga. Suka bi ta a baya, suka tarar ta riga ta kafa kai tana tsotso, uwar tana lasar ta. Baban Yunana ya bar ta kaɗan, sa'an nan ya janye ta ya ɗaure kusa da kan uwar. Ya ce, "Mama, kawo ƙwarya. Ki tsuguna nan, ki kama haka." Ta kama a hankali don tsoron harbi. Madara ta fara sauka.

Bai jira ta tambaya ba. Ya ce, "Haka take, sai da 'yarta. Na sani, ban faɗa ba. Ranar da aka ɗauki bidiyon ma maraƙar nan tana gefe, ni na ce a kauce mata. Ki gafarta mini."

Mama Keziya ta ɗauki ƙwaryar ta shiga kicin ta dafa, ta wuce ɗaki da kofi, ta bar labule a ɗage. Daga inda yake tsaye ya hango wani tsoho a kwance, ya rame ƙwarai. Mijinta ne. Ciwo ya hana shi haɗiyar tuwo, sai abu mai ruwa yake iya sha, madarar gwangwani kuma ba ta zama masa a ciki. Don shi ta kwashe abin da ta daɗe tana tarawa ta shiga gwanjon. Ta tallafo kansa ta ba shi. Tsohon ya sha a hankali, ya shanye, ya miƙa kofin yana neman ƙari.

Tausayi ya kama Baban Yunana, kunya kuma ta rufe shi. Maganar aro da ya shirya a mota ta mutu a bakinsa. Da ta fito ta ce, "To, nawa za ka sayar mini da 'yar? Ba ni da shi yanzu, amma zan nema." Sai ya kwance igiyar ya sa mata a hannu. Ya ce, "Kin riga kin biya, Mama. Madara kika saya, ita kuma madarar ba ta zuwa sai da wannan."

Ta dube shi, hawaye ya cika mata ido. Ta ce, "Ni kuma na zage ka a gaban mutane, ƙanena. Ban ko kira ka ba." Ta hana shi tafiya sai da ya ci shinkafa da wake har ya kasa tashi da sauri.

Da ya hau mota bai waiwaya bayan gidan ba, don ya san in ya ga maraƙar zai yi kuka. Yana zaune a motar ya sa saƙo a zaure, gajere. Ya ce kuskuren nasa ne, ya faɗi yadda aka yi, ya ce kada kowa ya ƙara ganin laifin Mama Keziya. Wasu suka yaba, wasu suka ce wauta ce, doka na hannunsa ya zubar. Ya koma gida turke babu kowa, kuma abin ya yi masa ciwo, ba zan ɓoye muku ba. Matarsa ta tarye shi a ƙofa ta karɓi hularsa, ta ce, "Sannu da zuwa, dattijo." Ranar sunan ya zauna masa daidai.

Ga ma'anar wannan misali, ku riƙe ta da kyau. Manomin nan ni ne, kai ne, ke ce. Bidiyon kuma irin gaskiyar da muke faɗa ce: kowace kalma daidai, amma mun ce a matsa kada wani abu ya fito. Mutane suna ganin abin da ka nuna musu kaɗai, amma Ubangiji yana ganin har wanda ka ɗaure a gefe. Dokar zaure ita ce hujjar da take wanke mu a gaban mutane. Tana da amfaninta, ban ce a raina ta ba. Sai dai doka ba za ta taɓa gaya maka akwai marar lafiya a bayan labule ba. Wannan sai ka je da ƙafarka.

Mama Keziya kuma ita ce duk wanda ya zo maka da zafi. Ita ma ta yi nata kuskuren, ya kamata ta kira shi su biyu kafin ta kai shi gaban jama'a. Amma sau da yawa mai ihu ba mugu ba ne, tsoro ne yake cin sa. Maraƙar ita ce abin da sulhu yake ci. Kada wani ya ruɗe ku cewa sulhu kyauta ne. Wani lokaci abin da ka fi so ne za ka kwance ka sa a hannun wanda ya zage ka. Ubangijinmu ma ba daga nesa ya aiko mana amsa ba. Muna cikin laifi ya zo da kansa, kuma abin da ya bayar ya fi maraƙa nesa ba kusa ba.

Ina ƙaunarku, shi ya sa zan faɗa muku kai tsaye. A cikinmu nan akwai wanda ya toshe lambar ɗan'uwansa saboda ciniki, kuma ɗan'uwan yana zaune a wancan layin, yanzu muka gama waƙa tare. Ban san wa ya fi gaskiya a cikinku ba, ban kuma tambaya ba. In an tashi, kada ka bi ta ƙofar gefe. Ka tsaya a babbar ƙofa ka jira shi.