Albishir Uku, Jariri Ɗaya

Jama'a, an zalunce ni. Tun da aka kafa garin nan ba a taɓa wulaƙanta mai daraja kamar yadda aka yi mini ba. Ni Sha'aibu, da sabuwar rigata mai aiki har ciki, kwana uku ina wucewa ta majalisa, ba wanda ya ce mini bismilla ga shayi. Duk a kan sunan jariri!

Kun san Sabitu, marayan nan da shan inna ta shanye wa ƙafa, wanda yau shi ke duba masu karaya a asibitin birni. Matarsa ta haifi namiji, jibi suna. Ya ce yaron zai ci sunan wanda ya mai da shi mutum. To, su uku ne.

Malam Haladu hedimasta ne ya tsince shi a gindin tagar aji yana zana baƙaƙe a ƙasa da tsinke. Ya ɗauko shi cak ya ajiye a bencin gaba, ya ce wa kakarsa, "Iya, ƙafa ce ta kwanta, kan nan garau yake."

Da ya ci sakandare, sai ga ta can bayan rafi. Inuwa mai faci ya harhaɗa masa keken hannu da tarkacen shagonsa. Da damina, in laka ta riƙe taya, sai ya goya shi. Shekara shida.

Jarrabawar fita ta kayar da shi, ya kwashe littattafansa ya kai wa mai ƙosai ta riƙa naɗi. Tukur tela, wanda bai san ko bihim ba, ya je ya karɓo su, wasu duk maiƙo. Ya zaunar da shi gefen keken ɗinki ya ce, "Karanta mini, ɗan nan. In har ni na gane, to ka iya." Da shekara ta zagayo, ya ci.

Yanzu ga su can tabarma ɗaya, kwano ɗaya, kowa yana ce wa ɗan'uwansa, "Sai ka zo ganin takwarana."

Ina laifina? Abin da na yi kawai, ran haihuwa na bi su ɗaya bayan ɗaya na ce, "Albishirinka, sunanka za a sa." Haladu ya ba ni zakara. Inuwa ya sa wa kekena sabuwar taya. Rigar nan kuwa, ai kun ga hannun Tukur. Zakaran dai na riga na cinye.

Da asirina ya tonu, Sabitu ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Kawu, kai ka ƙulla, kai za ka kwance kafin liman ya iso."

Na ce a sa Sha'aibu kowa ya huta, aka ƙi. To, ku fid da ni: wanda ya buɗe masa ƙofa, da wanda ya kai shi, da wanda ya hana shi juyowa, sunan wa za a raɗa wa yaron nan?