Jar Hular Nomau

Ku matso, ku daina ture-ture. Ga ta nan, ga ta nanku, amma ta yau ba ta dariya ba ce.

Ta zo mu ji ta, Kaka, ko da ɗacinta.

Wata gizo-gizo ce mai suna Delu, baƙa wuluk, tana zaune a ƙarƙashin wani tsohon rumbu. Gwanar saƙa ce, sai dai idonta ba ya gani sosai. Da zare take sanin duniya. In zare ya girgiza, abinci ne ya faɗo, sai ta yi wuf ta kai cizo. Mijinta Nomau kuwa ɗan firit ne, bai kai rabinta ba, kullum yana tafe da 'yar jar hularsa a karkace. Shi ya sa tun ranar aure suka yi ƙa'ida: in ya dawo, sai ya taɓa zaren bakin ƙofa sau uku kafin ya shigo. Sallamarsa ke nan.

Sai aka yi fari. Ƙwari suka ɓace, ga Delu da ciki. Nomau ya fita nema. Ran farko ya dawo hannu rabbana, ya taɓa zare, tin, tin, tin, ta yi masa sannu da zuwa. Kashegari ma haka. Rana ta uku sai Allah ya ba shi wani ƙaton ƙuda. Ya rungumo shi da duka hannuwansa, ƙuda na ta fizge-fizge. Murna ta cika bawan Allah, ga shi babu hannun taɓa zare, sai ya faɗo gida a guje.

Zare ya girgiza. Delu ta kai cizo. Ƙuda ya kuɓuce ya yi sama, ita ba ta sani ba. Sai ta nannaɗe abin da ta kama, ta rataye. Yunwa na cin ta, amma ta ce ba za ta sa a baki ba sai maigida ya dawo sun ci tare.

Ta jira har gari ya waye, shiru. Sai ga tururuwa. Delu ta tambaye ta ko ta ga maigidanta. Tururuwa ta ce ita ba ta ɗaga kai daga hanya, ta wuce. Sai ga gyare. Ya ce jiya dai ya gan shi a bakin juji yana kokawa da ƙuda. Delu ta yi dariya, ta ce lallai yana tafe. Sai ga zanzaro, maƙwabcinsu mai gini a jikin rumbu, wanda aka yi komai a kan idonsa. Ya tsaya a bakin ƙofa.

"Malam Zanzaro, ka ga maigidana? Ga abinci na ajiye mana."

"Delu, ki yi haƙuri. Kwance ƙunshin nan."

Ta sauko da shi, ta fara warwarewa. Abin da hannunta ya fara taɓawa, hula ce. Yara, ni kaina duk ran da na zo nan wurin sai zuciyata ta karye. Delu ba ta yi kururuwa ba. Ta ɗauki hular ta manna a cikinta, ta ƙanƙame, har jan ya rine fatarta.

Ta shiga takaba. Wata huɗu da kwana goma suka cika, ta ƙi fita. Da 'ya'yanta mata suka ƙyanƙyashe, kowacce da jan tabo a cikinta. Delu ta ce su tafi inda ba a san labarin ba. Sai kowacce ta saki zare, iska ta ɗauke ta. Wata ta faɗa ƙasar rairayi. Wata ta shige buhun auduga, jirgi ya haye teku da ita. Wata ta yi nisa ƙwarai, don kunya ta mai da tabon gadon bayanta. Amma ko'ina suka je, mutane da ganinsu sai su ce ga mai takaba.

Har yau, in kun ɗaga tsohon turmi ko tarin itace kuka ga jikanyar Delu, kada ku taɓa ta, cizonta mugu ne. Ku dai duba da kyau. Za ku ga ta ɗora ƙafa ɗaya a kan zare, tana jiran a taɓa sau uku.

Ƙurunƙus, kan ɗan kusu. Ku riƙa yin sallama ko kuna sauri, ku kuma tambayi wane ne kafin ku kai hannu.