Ƙaguwa Ta Kai Ƙarar Maƙwabta

Ga ta nan, ga ta nanku, yara.

Ta zo mu saurara.

Wata tsohuwar Ƙaguwa ce, raminta na gindin itatuwan bakin teku. Jatan Lande da 'ya'yanta suka ishe ta da tsalle-tsalle.

Ƙaguwa ta ce, "Maƙwabciya, na gaji. Ku bar ni in huta."

Jatan Lande ta ce, "Iya, haka Allah ya yi mu."

Sai Ƙaguwa ta nuna wa wani masunci maɓoyarsu. Ya jefa koma ya kwashe su kaf.

Washegari Ƙaguwa ta ji ana saran itatuwan da ke saman raminta. Ta leƙo ta ce, "Malam, me itatuwana suka yi maka?"

Masunci ya ce, "To, da me zan yi bandar jatan landen?"

Ya sare itatuwan tas, rana ta buɗe wa ramin. Tun ranar Ƙaguwa take rarrafe a karkace, tana neman inuwa.

Ƙurunƙus, kan ɓera ya faɗa teku.