Ranar da Aka Kwance Adu

Don girman Allah mai shafi, kada ka sa sunana. Ko harafin farko kada ka sa. Ku ma masu karatu, in wani ya gane ni ya rufa mini asiri. Wayar yayana ce na ɗauka, ya tafi ba raƙuma ruwa. Aji uku na tsaya, ku yi haƙuri da rubutun. Amma labarin nan in ban faɗe shi ba cikina zai fashe!

Akwai wata yarinya a wani zango gabas da Abalak, mu ce mata Tekna. Ba sunanta ba ne, kuma kada ku tambaye ni ko ni ce.

Tekna tana da kwikwiyo sunansa Adu. Ja ne, ƙafafu zara-zara kamar na barewa, ciki a shafe, da ɗan fari a ƙirji. Wata bakwai gare shi. Gudu kam, wayyo! In ya zabura sai dai ka ga ƙasa tana tashi. Amma kunne babu. Ka kira shi har muryarka ta dushe, ko waiwaye.

Ran nan ya fafari 'yan awaki da sunan wasa, ɗaya ya faɗa rami ya karye a ƙafa. Abbanta bai ɗaga murya ba, shi dama ba ya ɗagawa. Ya ajiye kofin shayi ya ce:

"Tekna, kin san dokar gidan nan. Ranar tashi ba a jan kare da igiya, hannun kowa yana ga dabbobi. Da ruwa ya sauka ciyawa ta fito, za mu tashi Ingal. Ranar ni zan kwance shi da hannuna. In ya fita, ki kira shi sau ɗaya. In ya zo, namu ne. In bai zo ba, ya zama na daji. Ko ya biyo mu, da jifa zan kore shi."

"Abba, yaro ne fa..."

"Ɗan akuyan ma yaro ne."

Magana ta ƙare. Tekna ta fashe da kuka, don tun idon Adu bai buɗe ba take ba shi nonon akuya da yatsa.

To akwai taubashinta Agali, ɗan gwaggonta. Bara aka naɗa masa rawani, tun daga nan ƙasa ta yi masa kaɗan. Shi ke da Amayas, ɗan'uwan Adu, uwarsu ɗaya. Agali yana da wata bulala ta fatar raƙumi, da ita yake koyarwa. Kuma wallahi in ka gani sai ya burge ka. Ya ce zauna, Amayas ya zauna. Ya ce kwanta, ya kwanta, jiki na ɓari. In ya sake shi ya yi jinkirin dawowa, sai ya damƙe shi ya zane.

"Uwar kare!" in ji Agali da ya ga Tekna tana kuka. "Kawo shi kwana uku in gyara miki shi. Kare ba ya jin Allah-Annabi, bulala ce yarensa."

"Tafi can, mai rawanin aro. Rawanin ma ya fi kanka girma."

"Za ki gani ranar tashi. Ni zan taya kawu tsinto duwatsu."

Duk abin nan Kaka Tamumun tana jin su, tana zaune tana shanya cuku a kan tabarma. Da Agali ya wuce ta yafuto Tekna.

"Ke, share majinar nan, kin yi muni. Je ki ɗauko tsohuwar igiyar gugan can da aka yar."

Tekna ta jawo ta. Doguwa ce, ta fi gaba ashirin. Kaka ta gutsuttsura cuku ƙanana-ƙanana ta ƙulle mata a bakin mayafi.

"Ki ɗaura masa. Ki bar shi ya yi nisa har ya manta da igiyar. Sai ki kira sunansa, sau ɗaya tak. In bai juyo ba kada ki sake kira, ki jawo shi a hankali. Da ya iso, cuku. Ko jawo shi kika yi, cuku."

"Kaka, ko bai ji ba?"

"Ya zo ko bai zo ba?"

"Ya zo, amma..."

"To bakinki alekum. Zuwan ake biya."

Haka aka fara. Safe da yamma, bayan tantuna. "Adu!" Shiru. Ta ja, ta ba shi. "Adu!" Shiru. Ta ja, ta ba shi. Igiya ta goge mata tafin hannu har ya yi kanta. Agali yana wucewa kan raƙumi yana ihu: "Jama'a ku zo ku ga rijiyar da ake jawo kare!" Kowa ya yi ta dariya, har Annarta, wato uwarta, sai da ta rufe baki da mayafi.

Rana ta shida, ta ce "Adu!", sai kawai ya ɗaga kunne, ya juyo, ya taho da gudu igiya tana jan ƙasa! Tekna ta yi tsalle ta buga guɗa, har jakuna suka firgita.

"Kaka! Kaka! Ya zo da kansa!"

"Na gani, ba makauniya ba ce ni. Gobe ki kai shi kusa da awaki. Kiran da ba komai a gabansa ba kira ba ne."

Aka koma kusa da awaki, aka koma bakin rijiya inda hayaniya take. Sai Kaka ta ce ta saki bakin igiyar a ƙasa, in zai gudu ta taka da ƙafa. Kullum kuma Kaka tana yanke gaba ɗaya daga igiyar da 'yar wuƙarta. Igiya tana raguwa, Adu bai ma sani ba.

Sai ranar da Shaiɗan ya so ya ɓata komai. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, igiya ta rage kamar gaba uku. Adu ya hango kurege. Fit! Tekna ta kira, ko a jikinsa. Ya ɓace tun hantsi. Ta bi sawu har ƙaya ta cika mata ƙafa, ta dawo babu shi. Agali kuwa ya zo ya zauna musamman, yana kaɗa bulala.

Sai bayan azahar ga Adu nan tafe, harshe a waje, yana kaɗa wutsiya kamar wanda ya dawo daga aikin hajji.

Ran Tekna ya yi baƙi ƙirin. Agali ya miƙa mata bulala.

"Ungo, taubashiya. Uku kawai. Yau zai san ke ce uwar gida."

Wallahi ta karɓa. Ta ɗaga hannu. Adu ya tsaya yana kallonta.

"Tekna," in ji Kaka, ko tashi ba ta yi ba. "Kuregen nan ya manta da shi tun ɗazu. Abin da ya sani yanzu shi ne ya zo wurinki. In kin dake shi, zuwan kika daka."

Tekna ta sauke hannu. Sai ta yar da bulalar, ta tsuguna, ta kwance bakin mayafi tana hawaye ta ba shi cuku. Agali ya yi dariya har rawaninsa ya karkace.

"Ya yi laifi an ba shi tukuici! Kaka, ni ma in na gudu za ki ba ni?"

"Kai in ka gudu, sadaka zan yi."

Washegari Kaka ta ƙulla guntayen da ta yanke, igiya ta koma doguwa, aka sake daga farko. 

Ruwa ya sauka. Ƙasa ta yi kore. Ranar tashi ta zo!

Tun da sassafe aka kwashe tantuna, aka ɗora wa jakuna salka da turame, raƙuma suna ta gurnani. Abba ya sunkuya ya kwance igiyar wuyan Adu, ko kallon Tekna bai yi ba. Agali ya kwance Amayas, ya gyara amawali, ya ɗane raƙumi da bulalarsa.

Aka kama hanya. Adu yana gefen jakin Tekna. Har rana ta ɗaga lafiya lau. Saura kaɗan a tsallake kwaltar Agadas, aka tsaya a tattara awaki don manyan motoci.

Sai zomo! Daga ƙarƙashin wani ɗan kurmi ya fito, tsakanin ƙafafun raƙuma, ya miƙe sak wajen kwalta.

Kafin ka ce me, karnuka biyu sun bi. Kai, ba ku ga gudu ba! Kamar ba sa taɓa ƙasa. Kafaɗa da kafaɗa. Can kuma daga kudu ga wata ƙatuwar mota ta taho, kaya har sama, tana ta ƙugi.

"Amayas! Amayas! Don ubanka dawo!" Agali ya miƙe kan raƙumi yana kaɗa bulala a iska. "Amayas!"

Amayas ya ji. Na rantse ya ji, don ya waiwayo. Ya ga bulala a sama. Sai ya kwantar da kunne ya ƙara wuta.

Saura Tekna. Kira ɗaya gare ta, ga Abba a gefe ya zuba mata ido. Ta diro daga jaki, ta cika ƙirji da iska.

"ADU!"

Jama'a! Kamar igiyar gugan tana wuyansa. Ya taka birki da ƙafa huɗu, ƙasa ta tashi, ya wuntsila sau ɗaya, ya miƙe, ya juyo! Zomo a gabansa kamar taku uku, ya bar shi! Ya taho kamar kibiya ya bangaje Tekna, suka zube tare cikin ciyawa. Mata suka kaure da guɗa. Kaka tana kan jaki tana tafi da hannayenta masu rawa.

Motar ta wuce fuuu da hon mai tsawo.  Da hayaƙinta ya lafa sai ga Amayas a ƙetare, da ransa. Allah ne kawai ya tsare, gashin wutsiya ne tsakaninsu.

Abba ya dubi Adu, ya dubi Tekna. Ya ce, "Namu ne." Iyakar abin da ya ce ke nan, amma wanda ya san shi ya san dariya yake a bayan amawali.

Sai ya juya. "Agali, sau nawa ka kira?"



Aka tsallakar da dabbobi. Amayas yana can nesa kan wani tudu. Agali ya matsa, ya ja da baya. Ya kira da faɗa, ya kira da lallashi, a banza. Kare yana son zuwa, kana gani, ya yi taku biyu sai ya tuna, ya koma.

"Doka ɗaya ce," in ji Abba. "Mu tafi."

Nan fa idon Agali ya raina fata. Ya sauko, ya zo gaban Tekna, murya can ƙasa.

"Taubashiya... don Allah."

"Au, ni? Uwar kare? Ina duwatsun da ka ce za ka tsinto?"

"Na tuba. Tun yana jariri yake kwana a ƙafata."

Tekna ta so ta ja masa rai, wallahi ta so. Amma ta dubi Amayas, ɗan'uwan Adu ne. Ta ruga ta riƙe akalar raƙumin Abba.

"Abba, ba kare ne ya ƙi ji ba. Ya ji sarai. A ba shi kira ɗaya babu bulala."

Abba ya ce, "Kafin a gama ɗaure kayan jakin can."

Tekna ta zuba wa Agali sauran cukun a hannu. "Jefar da abin nan inda zai gani. Tsuguna. Haba, tsuguna sosai, rawanin ba zai faɗi ba! Kada ka kalle shi cikin ido. Sau ɗaya."

Agali ya wulwula bulala ya cilla ta cikin ƙaya. Ƙato da shi ya durƙusa a gaban mata da yara, hannu a miƙe.

"Amayas," ya ce a hankali.

An kusa gama ɗaure kaya. Sai Adu ya yi haushi sau ɗaya. Amayas ya sauko daga tudu. Ya taho yana jan ciki a ƙasa, wutsiya a matse. Da ya iso gaban Agali ya runtse ido ya kwantar da kai, yana jiran duka.

Agali ya ga haka. Ya sa masa cuku a baki, ya ja amawali har saman ido. Ya ce wai ƙura ce. Wace ƙura, ƙasa jiƙe da ruwa?

Kaka ta wuce su kan jakinta, ta jefa masa tsohuwar igiyar guga a kafaɗa.

"Gobe da safe, bayan tantuna. Malamarka ba ta son latti."

Darasi: Wanda ya dawo wurinka, kada ka tare shi da duka, ko kare ne ko ɗa ko ƙane. In dawowa ta zama azaba, ranar da ka fi bukatar ya juyo ranar zai ƙara gudu. Tsoro yana riƙe abu muddin igiya tana wuya, amma haƙuri da alheri su ne igiyar da ba a gani. Ku tura wa duk mai bulala a hannu, ku tura wa iyaye ma.

Amma don Allah kada ya kai wayar Agali, au, ba sunansa ba ne fa, ni na sa masa. In ya ji na ce ya yi kuka, kashina ya bushe. Wayyo, ina jin ƙarar raƙuma, yayana ne, ga karen ma ya tashi yana kaɗa wutsiya, mai shafi ka goge lambar nan kada ka ki